Awon Baba

Maigidana likitan haƙori ne, amma zuciyarsa ta kafinta ce. A gidanmu na unguwar Catford, nan ƙasar Turawa, wajen ƙarshen shekarun tamanin, yana da wata tsohuwar mota koriya da ta girme ni, kullum yana shafa ta kamar jaririya. Sai ya tsiro da haɗa mata 'yar tirela ta katako da zai riƙa ja a baya: ƙafa biyu, gaba a kumbure, baya a tsuke, wai siffar ɗigon hawaye. Cikinta katifa kaɗai yake ɗauka. Baya kuma murfi ne, in ka ɗaga ka tarar da gurbin risho da tukwane. Ni dai akurki nake ce mata.

A bazarar da yake haɗa ta aka kawo Babana daga Kano saboda ciwon zuciya, likitoci suka sa ranar yi masa aiki. Maigidan ya ƙudurta in Baba ya warke zai kai shi ya ga teku, in ya gaji ya sami wurin miƙe ƙafa a tirelar. To, Baba dogo ne sambal, kuma da wane baki mutum zai ce wa surukinsa ya kwanta a auna shi? Ko ido ba sa haɗawa. Shi maigidan tun yana ƙarami aka kawo shi ƙasar nan, kunyar kawai ya riƙe, sauran al'adar duk ta zube a hanya.

Wata rana bayan azahar Baba ya kishingiɗa a tabarma a bayan gida. Maigidan ya lallaɓo da siririyar sanda, ya shimfiɗa ta a gefensa daga kai zuwa diddige, ya karya rarar, ya koma gareji yana jin ya yi dabara. Ashe idon Baba biyu. Mu kuwa a wajenmu ba a auna mutum da kara sai ya cika, a kai wa masu haƙa kabari.

Ni ban san an yi ba. Na dai ga Baba ya daina cin abinci, ya kyautar da babbar rigarsa, ya ce aikin nan ya fasa, a mayar da shi gida. Hankalina ya tashi ƙwarai, don likita ya ce in ba a yi ba, ba zai kai baɗi ba. Da yake ni ce auta, na tsare shi a ɗaki.

"Baba, me muka yi maka?"

"Ba ku yi min komai ba. Mijinki likita ne, ya san abin da 'yan'uwansa suka faɗa masa. Tunda har an auna ni, ku bar ni a rufe ni kusa da uwarki."

Na fita ina kuka ina masifa. Maigidan na jin bayani ya zauna daɓas a kan taya, ya riƙe kai. Na ce tashi za ka yi, kunyar nan taka ta kusa kashe min uba.

Muka riƙo Baba zuwa gareji. Maigidan ya tsuguna, kansa a ƙasa, ya buɗe 'yar ƙofar tirelar, ya nuna sandar a kwance a gefen katifa. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya tuɓe takalmi ya rarrafa ciki, ya miƙe, tafin ƙafarsa ya taɓa katako cif.

Daga ciki ya yi magana, da ni, ba da surukinsa ba.

"Gaya masa ya ƙara kamu ɗaya. Wancan ɗakin ne ake yanka wa mutum daidai. Kuma yaushe suka ce aikin?"