Karen da Ya Tauna Buzun Baba

Birai ne suka sa na nemi kare, ba sha'awa ba. Gonarmu ta Zurgu a gindin dutse take, kuma duk shekara da zarar masara ta yi goyo sai su sauko gayya guda, sai ka ce da su aka yi huɗa. Na rataya gwangwanaye, suka saba da ƙarar. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, ran nan na tarar da wani ƙaton biri zaune a inuwarsa yana ɓare masara. A ranar na ce kare zan samo.

A gidanmu ba a taɓa ajiye kare ba. Baba ya ce don tsaron gona babu laifi, amma kada ya kuskura ya ƙetare zaure. Yayana kuwa, wanda duk duniya ba abin da ya iya kamar gano aibin abin da ba shi ya kawo ba, ya ce ai shi ke nan, mala'iku sun yi mana sallama. Na yi masa kunnen uwar shegu. Shekarata talatin da ɗoriya a lokacin, da mata da 'ya'ya biyu, amma a gaban mutanen nan biyu har yanzu ni ne yaron da ake aike.

Wajen wani dattijon makiyayi na samo kwikwiyon, a rugarsu da ke bayan Nariya. Shanunsa ne ke cin karan gonarmu da rani su bar mana taki, don haka Baffa nake ce masa. Ya zaɓo mini wani ja mai farin ƙirji, bai fi wata biyu ba, ya zaunar da ni a kan turmi ya yi mini karatu kamar zan ɗauki amarya. Ya ce in ya kai wata huɗu haƙoran nono za su fara zuba, dasashi ya riƙa yi masa ƙaiƙayi, dole ya yi tauna, kuma wannan ba iskanci ba ne. Ya ce kada in dake shi a kan ɓarnar da ta riga ta wuce, don ba zai haɗa dukan da laifin ba, hannuna kawai zai tsana. In ƙwace abin, in ba shi nasa: ƙaho, ko kofato. Ban da tsohon takalmi, don kare bai san tsoho da sabo ba. Ya kuma hana ni abin da mutanenmu ke yi, na yanke wa kare kunne da ɗura masa barkono wai don ya yi zafi. Ya ce wannan mahaukaci yake haifarwa, ba mai gadi ba.

Har na hau babur ya riƙe mini hannu.

"Amma fatar tunkiya mai gashi, kada ka kuskura, Malam. Duk abin da ka sa masa a baki da hannunka, ka faɗa masa ke nan nasa ne har ya mutu."

Na ce to. A raina na ce makiyayi ne, tumakinsa yake ji, kada kare ya saba da warinsu ya fara bin su. Mu namu tumakin a turke suke a cikin gida, inda karen ba zai taɓa shiga ba.

Na yi masa 'yar rumfa a bayan gida kusa da rumbu. Dusa da sauran tuwo, da kaskon ruwansa daban wanda ba ya haɗuwa da kwanukan gida. Da hantsi nakan zauna in cire masa kaska daga kunnuwa, shi kuwa ya lumshe ido. Na saka shi a kwali na kai shi Rano aka yi masa allurar haukan kare, mutanen gari suka yi mako suna tambayata ko maras lafiyar ya samu sauƙi. Cikin wata guda ya gane fitona. Ko yana can ƙarshen gona, in na yi fito sau biyu sai in gan shi a guje, kunnuwa a baya. Ban taɓa tsammanin zan so kare ba, amma na so shi, kuma na yi ta ɓoye hakan kamar wani abin kunya.

Da ƙaiƙayin ya zo, ya zo da gaske. Ya ci ƙotar fartanyata, ya ci igiya uku, ya huda mazaunin babur. Ƙahon da na ba shi ya yi kwana biyu da shi ya gaji. Ana cikin haka babbar salla ta zo. Aka yanka ragon layyar Baba, aka shafe fatar da gishiri aka kafe ta a bayan gida, 'yan taku kaɗan daga rumfar karen. Yini guda yana jan igiya yana kuka wajenta. Na duba gabas na duba yamma, na zaro wuƙa na yanko siririn zare daga wajen ƙafa, da gashinsa da komai, na jefa masa. Kwana uku ban ji kukansa ba, kuma bai taɓa kayan kowa ba. Na ce ashe maganin a kusa yake. Na sake yankowa, na kuma sake, har fatar ta fara shiga ciki ta gefe ɗaya.

Baba yana da wani tsohon buzu da yake salla a kai tun ina yaro, gashin ya ƙoƙe a wajen goshi da gwiwoyi. An yi kwana uku ana ruwa, ya yi sanyi ya fara wari, ranar da rana ta fito sai ya shanya shi a kan dakalin ƙofar gida. Ni na tafi Kibiya sayen taki, na bar karen a ɗaure. Ya tauna igiyar ya fita.

Da la'asar na dawo na tarar da mutane tsaye cirko-cirko a ƙofar gida, maƙwabta da suka zo jam'i da butocinsu a hannu. Karen yana kwance ɗai-ɗai a kan buzun, ya cinye kusurwa guda, gashi ya cika masa baki. Da ya gan ni sai ya tashi yana kaɗa jela, ya ja buzun a ƙasa cikin taɓo ya kawo shi ƙafafuna ya ajiye. Yabo yake jira, don abin da na koya masa ya yi.

Yaya ya samu ranar da ya daɗe yana nema. Ya yi wa'azi, ya ce dama ya faɗa, ya ce yau kare a kan abin salla, gobe sai a kan Alƙur'ani. Kowa yana jinjina kai. Sai da Yaya ya gama, sannan Baba ya ce a fitar da karen daga gidan nan. Ya dube ni. Ya sake faɗa, ya sake dubana. Ya faɗa na uku a hankali, idonsa a cikin nawa. Ni fushi na gani a wannan kallon. Na san abin da ya kamata in faɗa, yana nan a kan harshena: ni na ba shi fata, ni na koya masa. Amma faɗin haka yana nufin in tsaya gaban maƙwabta, gaban Yaya, in ce ni ne nake yankar fatar layyar ubana a ɓoye ina ba kare. Na sunkuyar da kai na ce to.

Na so in mayar da shi wajen Baffa, amma sun tashi da shanu tun farkon damina, ba wanda ya san inda suka sauka. Na roƙi mutum uku su karɓe shi. Labari ya riga ni isa, ba mai son karen da ya ci buzu. Kwana biyu yana ɗaure da sarƙa, ina kai masa dusa ina kasa kallon idonsa. Kwana biyun nan da Baba muke cin tuwo kwano ɗaya, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Safiya ta uku sai ga wasu mutum biyu a babur da kejin ƙarfe a baya, irin masu yawo ƙauyuka suna karɓar karnuka su ba da baho ko adda. Kowa ya san inda suke kai su, ba gadi ba ne. Yaya ne ya aika musu. Da aka kwance sarƙar karen ya fizge ya shige ƙarƙashin rumbu, ya maƙale can ciki yana gurnani, sandarsu mai zarge ta kasa kai masa. Suka yi ta fama har suka fara cewa za su tafi. Sai Yaya ya juyo ya ce mini ai ni yake jin kirana. Ina iya cewa a'a. Na yi fito sau biyu, ya fito yana jan ciki yana kaɗa jela, suka zarge masa wuya a gabana. Baho shuɗi suka bayar, Yaya ya shiga da shi gida.

Birai sun yi yadda suka so a wannan shekarar. Da kaka muna zaune ni da Baba a ƙofar gida da hantsi, muna ɓare 'yar masarar da suka bar mana, sai ya ce, bai ko ɗago kai ba, wai buzun nan dama ya mutu, shi ya sa ya sa aka kafe fatar layya, sabo yake so a jeme masa. Ya ce tun yankan farko ya ga inda wuƙata ta bi, ya ƙyale ni saboda ya ga karen ya daina kuka.

Na juyo na dube shi. Na ce to me ya sa ya ce a fitar da shi.

"Gaban mutane aka yi, dole in yi magana. Amma sau uku na faɗa, ina jiran ka ce Baba a yi haƙuri. Ko laifin ba sai ka faɗa ba. Ka roƙa kawai, in ce na haƙura, a watse a yi salla. Haka ake yi. Na zaci ka sani."

Na sani mana. Sau nawa na ga an yi haka a kan awakin da suka shiga gona, a kan yaran da suka yi faɗa: babba ya yanke hukunci mai tsanani, wani ya ba da baki, babba ya sauko da girmansa. A kan kare ne kawai ban taɓa zaton ana yi ba. Na tambaye shi me ya hana ya kira ni gefe cikin kwana biyun nan ya faɗa mini. Ya ce uba ba ya roƙon ɗansa ya roƙe shi. Na ji haushinsa a lokacin, kuma har yau ina ji, amma bai kai rabin wanda nake ji na kaina ba.

Muka ci gaba da ɓare masara. Can na ajiye wadda ke hannuna, na gyara zama na durƙusa.

"Baba, laifina ne. A yi haƙuri."

"Na haƙura," in ji shi.

Haka muka yi abin daidai yadda ake yinsa, ba kuskure ko ɗaya, wata uku bayan an tafi da karen.