Sunan da Ban Rubuta Ba

Wata goma sha ɗaya ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu tambaya ta saƙo na ce musu aiki ne ya yi yawa. Ƙarya na yi. Tarin fuka na yi, kuma ba ni kaɗai ya kwantar ba.

Waɗanda ke saurarena a rediyo nan Damagaram za su tuna shirin da na yi a kan sabuwar shugabar wani asibitin gwamnati, wadda ma'aikata ke kira Madam. Da zuwanta ta ƙayyade lokacin dubiya, ta ce mai zaman jinya ɗaya ga kowane gado, ɗakin masu ciwon ƙirji kuwa ba mai shiga sai ma'aikaci. Na ce ta zo raba mu da zumunci. Masu kira suka yi ta yaba mini, na ji daɗi.

Bayan wata biyu tari ya kama ni. Na ce sanyi ne. Na sha citta da zuma, na sha ƙwayoyin 'yan tebur. Wando ya fara zame mini, ina farkawa jiƙe da zufa. Sai da na tofar da jini a harabar gidan rediyo, na yanke jiki na faɗi, sannan aka kai ni asibitin da na zaga.

An ɗauki hoton ƙirji, an karɓi majina a ɗan kwano. Likita ya ce, "Tarin fuka ne. Yana warkewa, amma wata shida za ka yi kana shan magani, ba fashi." Maganin kyauta ne, hoto da gado muka biya. Aka sa ni a ɗakin da ba a shiga.

Na hana matata faɗa wa kowa sunan ciwon. Inna, mahaifiyata, aka ce mata sanyi ne ya shige ni. Rana ta uku sai ga ta daga Takieta da kwanon fura. Mai gadin ɓangaren, Malam Isufu, ya tsayar da ita. Na lallaɓa zuwa ƙofa.

"Yallaɓai, ka rufa mini asiri," in ji shi. "Madam ba ta wasa."

"Haba Malam Isufu, uwa ce fa. Kai daga sama ka faɗo?"

Na nuna masa katin aikina na ɗan jarida, abin da ban taɓa yi don kaina ba. Ya kau da kai, ta wuce.

Inna ta dube ni ta ce, "Auta, cire tsumman nan in ga fuskarka." Na cire takunkumin. Ta ga taga a buɗe ta ce, "Mai sanyi ake bar wa iska? Waɗannan likitoci!" Ta rufe. Kwana uku tana zuwa da azahar, lokacin da ma'aikata ke canjin aiki, tana zaune a bakin gadona. Na san rufe tagar nan na tara ƙwayar cutar a ɗakin, na karanta. Na bar ta a rufe.

Kafin a sallame ni, manjo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ya kawo takarda: in rubuta duk wanda ya zauna kusa da ni, a auna shi. Na rubuta matata, 'ya'yana uku da abokan aiki biyu. Ban rubuta Inna ba. In na rubuta, za a tambayi inda muka haɗu, kuma dole ta ji sunan ciwon.

Duk wanda na rubuta an auna shi, lafiya lau. Ni kuma ina haɗiye ƙwayoyi kowace safiya kafin karin kumallo, fitsari ya koma ja, ƙiba na dawowa.

A wata na biyar ƙanwar Inna ta kira ni. "Yayata tari take tun kafin girbi. Ta hana a faɗa maka, wai kar hankalinka ya tashi."

Da na kawo ta, ba ta iya taka matakala uku. Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya ce ciwon ya ci gefen hagu sosai. Na tambaye shi ko daga wurina ne. Ya ce ba mai iya rantsewa, amma da sunanta na cikin takardar, da an bi ta tun tari na farko.

Da ƙafata na je biro, ofishin Madam, na faɗi komai, na roƙi kada a taɓa Malam Isufu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tura mini farar takarda ta ce, "Na saurari shirinka, Malam. Yanzu zauna ka rubuta sauran. Wa ke kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarka?"

Inna kuwa na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ko ka faɗa mini da sai na zo. Amma da na bar musu tagarsu."

Na gama magani, an ce na warke. Inna ta gama nata makon jiya, majinarta ta fito da tsabta. Alhamdu lillahi.

Ina godiya ga ma'aikatan ɗakin nan, da matata da ta riƙe sirrin da bai kamata in ɗora mata ba. Malam Isufu yana nan bakin aikinsa, gargaɗi aka yi masa, na je na ba shi haƙuri. Shirin da na yi na janye shi, kuma zan faɗi haka a rediyo da bakina.

Tarin da ya wuce mako biyu, ku je a auna majina. Kada ku yanke magani don kun ji sauƙi. In an ce ba dubiya, ku yi ta waya. In aka miƙo muku takardar sunaye, ku rubuta kowa, musamman wanda kuke jin kunyar rubutawa.

Inna ta koma Takieta. Likita ya ce huhun hagu ba zai dawo yadda yake ba. A zaune take salla yanzu.