Birkin da Ya Hana Babana Hawa Mashin

Shekarun baya, lokacin ina Legas ina fafutukar neman na kaina, na saya wa mahaifina mashin. Har yau in na tuna irin hura hancin da na yi a kan mashin ɗin nan sai in yi wa kaina dariya, in dariyar ta ƙare kuma sai kewa ta taso mini.

Mu mutanen Jiga Birni ne, a ƙasar Aliero, kuma duk wanda ya san wajenmu ya san albasa ce rayuwarmu. Tun ina yaro da wani tsohon mashin Baba yake zuwa fadama, da shi yake zuwa kasuwar Jega. Wata damina yana dawowa daga Jega bayan an ɗauke ruwa, akuya ta gitta masa a kan kwalta. Ya taka birki, taya ta kame, mashin ya zame da shi. Allah ya tsare bai karye ba, amma gwiwarsa ta bugu, kuma tun daga nan ba ta koma daidai ba. Da labarin ya iske ni na kasa cin abinci. Na shiga zagaya masu sayar da mashina 'yan Kwatano, har wani ya nuna mini mai birkin ABS. Ya ce wannan ko da ƙarfin tsiya ka taka tayar ba ta kamewa, wata na'ura ce a ciki take kamawa tana saki da kanta, don kada ya zame da mutum a kan kwalta mai santsi. Ban bari ya gama bayani ba na ce a ɗaure mini shi. Muka ɗora a motar albasa da ta sauke kaya za ta koma gida.

Sai na gaya muku wani abu don ku gane sauran labarin. Ni ne ɗan fari, kuma Baba mutumin dā ne, mai tsananin alkunya. Bai taɓa zama da ni mun yi hira ba. In yana da magana da ni, sai ya faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina tsugune a gabansa. In na kira waya aka miƙa masa, "Lahiya lau, Allah shi yi albarka" ne kawai, sai ya mayar wa mai ita. Yaran yanzu za su ɗauka ƙiyayya ce. Wallahi ba ita ba ce, haka shi ma ya taso a hannun nasa uban.

Da mashin ya isa, aka ce gari ya taru kallo. Baba ya sa albarka, a ranar kuma ya kyautar da tsohon nasa ga ƙanensa da ke Maiyama. Ni ko ina can ina nuna wa abokai hoto, ina ji kamar na gama da duniya.

Aka shiga lokacin dashen albasa, sai ga wayar ƙanwata. Ita auta ce, ita ce mai shiga ta fita a wajen Baba, kuma bakinta ba ya shiru.

"Yaya, kana nan kana baza hotuna, ka san Baba da ƙahwa shika zuwa hwadama?"

Na ce, "Subhanallahi! Me ya sami mashin ɗin?"

"Lahiyatai lau. Shina zaure an lulluɓe shi da bargo, kullum sai an goge shi. Baƙo in ya zo a buɗe mai shi gani. Hawa ne dai babu."

Sai ta ba ni labari. Hanyar fadamarmu tana da wani gangare, yashi ne da tsakuwa, a ƙasansa kuma fangalan mutane ne. Yadda kowa ke sauka shi ne ka taka birkin baya ya kame, tayar ta nutse ta tara yashi a gabanta, sai ka tsaya cak. Haka Baba ya yi shekara da shekaru. Ranar farko da ya sauka da sabon mashin ya taka, sai birkin ya kama karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, mashin kuma ya ƙi tsayawa. Bai zame ko'ina ba sai cikin fangalin irin albasar maƙwabcinmu, ya tattake wa mutum irin da yake shirin dasawa, a gaban 'yan ƙwadago. Bai ji ciwo ba. Ya ba da haƙuri, ya turo mashin gida, bai ƙara hawa ba.

Ba zai iya cewa a gaya mini kyautata ba ta yi masa ba, ba kuma zai karɓo abin da ya riga ya ba ƙanensa ba. Sai ya zaɓi tafiyar ƙasa da wannan gwiwar, safe da yamma. Ƙanwata ta ce da daddare ruwan zafi ake gasa masa ita, kuma ya fara maganar ba wani aron gonar, tunda zuwan yana neman gagararsa. Duk wanda ya san Baba ya san in ka raba shi da fadama ka gama da shi.

A makon na hau mota na taho gida. Da farko ma ban yarda laifin mashin ba ne, na ce tsoho ne dai bai saba da kayan zamani ba. Na faki ido na fito da shi, na nufi gangaren ina ji da kaina, ni ɗan Legas. Jama'a, da na taka birkin nan na ji ya kama ɓari yana turo mini ƙafa, ban san sanda na fara salati da ƙarfi ba. Ƙafafu na zuba ƙasa ina ja, takalmina ɗaya ya fice, da ƙyar na tsaya a bakin wata rijiya. Wani tsoho da ke ban ruwa ya ɗago ya ce, "Sannu ɗan Ikko, kai ma ya gaishe ka?"

Da yamma na sami Baba a zaure, ƙanwata tana zuba masa fura. Na tsuguna na ce mata, "Ki gaya wa Baba gobe zan kai mashin Jega a duba birkin."

Baba ya kalli bango ya ce, "Ki ce mai, mashin lahiyatai lau. Kyautar da anka yi don Allah ba a kai ta gyara."

Ta kalle ni ta kalle shi, ta ce, "To ni dai na gaji da zama waya tsakaninku. Ya ji, kai ma ka ji." Baba ya yi kamar zai yi murmushi, sai ya kai ludayi baki.

Washegari ranar kasuwa ce. Na kai shi wajen wani bakanike a kusa da tashar Jega, na yi masa bayani. Ya ce ba ni ne na farko ba, masu shiga daji da irinsa suna kawowa, kuma zai iya raba birkin da na'urar ya koma irin na dā. Amma ya ce in sani, in an yi haka, a kan kwalta mai ruwa zai iya kamewa kamar kowane mashin.

Nan na zauna a kan wani tsohon benci na rasa abin yi. Don wannan na'urar fa na sayi mashin ɗin. In na cire, na mayar da Baba ga abin da ya kayar da shi. In na bari, gwiwa za ta zaunar da shi a gida yana kallon wani yana noma masa gona. Na juya abin na juya, na ga kwalta sai ranar kasuwa yake hawanta, ita ma ana iya kai shi, amma gangaren nan kullum ne. Na ce wa bakaniken, "Bismillah, cire."

Yana cikin ɗaure kusoshi sai na ji sallama a bayana. Baba ne, da buhun taki a kafaɗa, wai wucewa yake yi. Wucewa ina, tashar motar garinmu tana can wani gefe daban! Ya tsaya yana kallon hannun bakaniken. Shi kuwa bakanike bai san tsakaninmu ba. Da ya gama sai ya goge hannu ya miƙa wa Baba makulli, a gaban mutane, ya ce, "Baba, ga shi ya koma irin wanda ka sani. Ɗauki ɗanka ku tahi, ka gwada shi bisa hanya."

Na sunkuyar da kai. Baba ya karɓa, ya ɗaure takin a gaba ya hau ya tayar. Bai ce in hau ba, bai kuma tafi ba. Na lallaɓa na hau can ƙarshen kujera, na riƙe ƙarfen baya, na bar fili a tsakaninmu.

Muka kama hanyar Aliero. Akwai maganar da dole in faɗa, ga shi babu ƙanwata. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, yanzu birkin yana kamewa. In an yi ruwa, don Allah a bar hawa kwalta da shi."

Can ya ce, "An ji."

Da muka iso gari bai tsaya gida ba, ya miƙe hanyar fadama. La'asar ta yi sanyi, ana ta jin ƙarar injinan ban ruwa. Muna hango gangaren na ƙara damƙe ƙarfen baya, don jiya-jiya na sha da ƙyar a wurin. Sai na ji ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Matso ka riƙe ni, kar ka hwaɗi."

Na ɗauka kunnena ne. Ya sake cewa, "Riƙe ni mana."

Na matsa na zagaye shi da hannuwana. Rabona da taɓa jikin Baba tun ban yi wayo ba. Rigarsa tana ƙanshin albasa da zufa da ɗan turaren da yake shafawa ranar kasuwa. Na ji haƙarƙarinsa a hannuna, ashe haka ya rame ban sani ba. Muka gangara, ya taka birki, tayar baya ta kame ta ja yashi, ƙura ta tashi, mashin ya tsaya cak a bakin gonarsa. Sai ya yi dariya. Ban ga fuskarsa ba, a hannuna na ji dariyar.

Ya ce, "Yawwa. Yanzu shina jin magana."

Ban sake shi da wuri ba, shi ma bai ce in sake shi ba.

Ya ci gaba da zuwa fadamarsa da mashin ɗin shekaru masu yawa, maganar ba da aron gona ta mutu. Ya kuma cika alkawari, da damina ƙanena ke kai shi Jega a mota. Duk da haka, in hadari ya haɗu a Legas sai gabana ya faɗi in kira gida. Don haka kada wani ya ce na ce a je a cire birkin ABS. Mai hawa kwalta ya bar abinsa, an yi shi ne don ceton rai. Namu gangaren ne ya zo da nasa hali.

Baba ya rasu a kan gadonsa bayan 'yar gajeruwar jinya, ina hanya ban iso ba. Bayan ranar nan da ya goyo ni mun koma yadda muke, shi yana kallon bango ni ina kallon ƙasa, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Sai dai yanzu da nake da nawa ɗan farin, nakan jawo shi jikina ba gaira ba dalili, har ya ce, "Abba, lafiya?" Sai dai in ƙara matse shi.

Sau ɗaya tak na rungumi mahaifina a rayuwata ta girma, a kan mashin, shi ma don kada in faɗi. Wallahi da na san ba za a sake ba, da na ce mu koma sama mu ƙara gangarowa.

Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan naku da suka riga mu.