Ƙulli a Leda

A bakin kogin Potomac, can ƙasar waje, wani dattijo yake ta tsaki, makullin motar tasi na reto a ƙugunsa. Yanzun nan tarwaɗa ta tafi masa da ƙugiya, don ƙullin zaren da ya sayo a kanti ya warware.

"Allah wadai! Ni jikan masuntan Gaya, in sayi ƙulli a leda?" Shi kaɗai yake faɗansa.

Ya auna sabon zare kamu biyu, ya jiƙa da yawu, ya ƙulla, ya ja da haƙori. Ƙullin ya zame. Ya sake, ya kuma zamewa.

Sai ya tsaya yana hararar yatsunsa. Kusan shekara ashirin ke nan sitiyari kawai suka sani.