Talatu a Ragayar Kaka

Wata Asabar ce da hantsi, a babban hutun shekarar da na cika bakwai, kwana biyu da saukar kakarmu daga Katsina. Muna zaune a unguwar Catford ta Landan, a hawa na huɗu na wani dogon bene. Kaka ta shiga banɗaki za ta yi alwala, sai muka ji salati tun daga falo. Muka ruga, ni da ƙanwata Hanifa. Mun tarar da ita tsaye, hannu ɗaya riƙe da buta cike da kumfa da kifayen roba, ɗaya hannun riƙe da agwagwata ta roba, Talatu. Wai matsa ta ta yi don ta ga mene ne wannan, Talatu kuwa ta yi ƙara ta feso mata wani baƙin ruwa mai yauƙi a farin mayafinta.

Mu ba mu da tsakar gida, sai ɗan baranda da ko tabarma ba ta shimfiɗuwa, don haka bahon wanka shi ne koginmu. Umma za ta tara mana ruwa mai ɗumi, mu shige mu yi ta ɓarna har yatsunmu su yamushe. Muna da jiragen ruwa, da haruffan soso masu mannewa a bango, da kofunan yogot, da ludayin da muka sato a kicin. Buta kuwa giwa ce, saboda hancinta. In mun gama sai mu fice mu bar su nan cikin guntun ruwa har washegari. Sau nawa Abba yana taka jirgi da asuba, ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya yana ambaton Allah. A cikinsu duka Talatu ce tawa. Ranar Talata ta shigo gidanmu, shi ya sa Umma ta raɗa mata sunan. Lokacin ina da shekara uku, mun zo Landan ke nan, kuma da na ga bahon nan sai in tsandara ihu, don ni bokiti na sani. Sai da Umma ta ɗora agwagwar a kan ruwa na ga ba ta nutse ba, sannan na yarda na sa ƙafa.

Kaka ba ta san wannan tarihin ba. Abin da ta gani shi ne masai da wurin wanka a ɗaki ɗaya, ga kayan yara suna kwana a ciki, gobe kuma su kai baki. Ta dubi Umma ta ce, "Ke da iliminki? Duk a zubar." Umma, wadda dama ta gaji da mu, ta ɗauko baƙar leda da saurinta tana cewa, "Wallahi Inna na yi musu warning ya fi sau goma. Ranar Litinin council za su kwashe shara." Da suka juya, na zaro Talatu daga ledar, na yi dabarar da a lokacin nake ganin babu kamarta: na cusa ta a akwatin Kaka, tsakanin ƙullin kuka da daddawa, tunda babu mai ƙarfin halin buɗe shi. Ban tuna cewa mai akwatin tana buɗe kayanta sau biyar a rana don ɗaukar goro ba. Bayan la'asar ta danna murfin da gwiwa za ta rufe, Talatu ta tona mini asiri da ƙara ɗaya.

Na tsaya gabanta ina kuka ina zuba Turanci. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ja'ira, ni ban ji ko ɗaya ba. Faɗa mini da Hausa." Hausar tawa a lokacin ta ji ce kawai, bakina bai saba ba. Na tattaro 'yan kalmomin da nake da su na ce, "Kaka, ita ce ta koya mini ruwa. Ba ta da kowa, sai ni." Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta share ido da gefen zane. "To, marainiya ce ashe," in ji ta. "Ba za a zubar ba. Amma ke za ki riƙa yi mata hidima, ba uwarki ba."

Ranar Lahadi muka wuni muna aiki. Aka juye ledar a babbar roba, Kaka ta zuba ruwan zafi da gishiri da lemon tsami, muka yi ta cika cikin Talatu muna matsewa har ruwan ya fito fes. Da ta bushe a rana, Kaka ta ɗora wuƙa a wuta ta yi ja, ta yanko ɗan murfin roba ta liƙe hudar da ke ƙarƙashinta, yadda masu liƙin bokiti suke yi a Katsina. Ƙaurin ya tayar da ƙararrawar gobara, Abba ya hau kujera yana fifita ta da tawul, Kaka ko a jikinta. Da na karɓi Talatu na matsa, shiru. Na sake matsawa, shiru. Har na buɗe baki zan fara, Kaka ta ce, "Inda ƙarar take fita, nan dattin yake shiga. Zaɓi ɗaya." Na haɗiye kukana, amma na yi fushi da ita har magariba.

Daga nan ta yanko igiyar shanya ta ƙuƙƙulla ragaya, irin wadda ake rataye ƙwaryar nono a cikinta don kada kyanwa ta kai. Ta zaunar da kwandon tsane shinkafa a ciki, ta sa Abba ya kafa ƙusa a baranda. Doka ta kafu: an gama wanka, a ɗauraye kowa, a kife shi kamar kwanon da aka wanke, a kai ragaya ya sha iska. Hanifa ce mai ɗauraya, ni ce mai hawa kujera. Giwa kuma ta koma buta har abada. Kaka ta tafi bayan wata uku, amma ko da sanyi ya shigo, haka muke fita barandar da tawul a ka muna karkarwa, don ba mu yarda ba ta ganinmu daga Katsina ba.

Yanzu ina Croydon da tawa 'yar. Na sayi ragar zamani mai mannewa a bango, kullum sai ta zube cikin baho. Da na gaji, na nemo igiya, na yi mamakin yadda hannuna ya tuna ƙullin da kaina ya manta. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma ina kewarta sosai. Talatu ta koɗe, ido ɗaya ya goge, amma liƙin yana nan da shatin wuƙar, ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga ba. Rannan 'yata ta matsa ta, ta sake matsawa, ta ɗago ta tambaye ni da Turanci me ya sa wannan agwagwar ba ta magana. Na zauna a bakin bahon, na ji muryar Kaka ta fito daga bakina: "Tambaye ni da Hausa, in ba ki labari."