Haƙoran Kura da Buroshin Baba

A Mainika na girma, a hannun kakata Iya Tabawa, mahaifiyar Baba. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da man goge baki ya ɓace daga gidanmu, sabulu ma sai an raba shi biyu da zare. Iya ko a jikinta. Dama ita reshen darbejiyar ƙofar gida take karyowa, ta tauna bakinsa har ya yi laushi, ta bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya. Ta haura saba'in tana fere rake da bakinta.

Da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhu, ni da ƙannena mata biyu, sauran garwashin girki na haska fuskarta. Ba ta fara tatsuniya sai ta duba bakunanmu.

"Maigida, buɗe in gani," haka take ce min cikin wasan kaka da jika. "A'a, wannan bakin ba zai amsa min tatsuniya ba. Je ka wanke."

Sai mun dawo take gyara zama ta ce, "To, ga wata nan ta biyo hayaƙi." Mu ce, "A ba ta wuri, Iya."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wata kura da nama ya maƙale mata a haƙori. Ta je wurin biri, ya ce ta karya itace ta goge da hannunta, shi haka yake yi kullum. A hanyar komawa ta ga kada a bakin kogi ya hangame baki, wata 'yar tsuntsuwa na tsince masa. Kada ya ce, "Me zai sa ki wahalar da hannu? Nemi tsuntsuwa ta yi miki." Kura ta rasa wanne za ta ɗauka. Ta tambayi giwa, ta tambayi kunkuru, har kaza ta tambaya, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya. Damina ta wuce, kaka ta shigo, kura na yawon shawara, bakin na ruɓewa. Ranar da ta tara dabbobi za ta faɗi abin da ta zaɓa, tana buɗe baki sai haƙoran suka zube kamar tsakuwa.

"To wanne ta zaɓa, Iya?" na tambaya.

"Oho mata. Wa ya tsaya ji? Kunu ta koma sha."

Muka yi ta dariya har Baba ya leƙo daga zaure. A lokacin na ɗauka tatsuniyar ta tsoratar da yara ce kawai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Iya ta daɗe da rasuwa, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Kabo. A shekarar ne hawan jini ya shanye wa Baba hannun dama, na ɗauko shi ya dawo gidana. Na hagun ma rawa yake yi. Aswaki ya gagare shi juyawa, buroshi na zamewa daga yatsunsa. Da na ce zan riƙa goge masa, sai ya juya fuska bango.

Ƙanwata Binta ta dawo daga aikin Hajji da tsarabar buroshi mai batir, wanda kansa ke juyawa da kansa. Nan gardama ta tashi. Kawunmu ya ce aswaki sunna ne, yanzu da kowa ke komawa kan addini ba a fara saka wa dattijo inji a baki ba. Matata ta ce batir tsada gare shi, a samo buroshin hannu mai kaurin mariƙi. Binta ta ce nata ya fi fitar da datti. Na tambayi malamin unguwa, na tambayi ma'aikacin asibiti a Gwarzo, wanda ya ce min kowanne yana aiki muddin ana gogewa sosai safe da dare. Duk da haka na ci gaba da tambaya. Wata guda muka yi a haka.

Wata Juma'a na ga Baba ya rufe baki da gefen rawaninsa yana amsa gaisuwar maƙwabci. Da na matsa kusa, na ga dasashinsa ya kumbura yana tsatsar jini. Kunya ta kama ni. Ashe ni ne nake zagaya daji ina neman ra'ayin kaza.

Washegari da safe na durƙusa gabansa da kofin ruwa, na jera aswaki da buroshin hannu da na batir a kan faifai.

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Ka ɗauki wanda ka ga dama, amma ba zan tafi makaranta ba sai an wanke bakin nan. In ka ƙi duka, ni zan yi da hannuna."

Ya dubi faifan. Sannan ya nuna na Binta da haɓa.

"Wannan, shi yake yin aikin?"

"Shi yake yi. Kai dai ka riƙe, ka bi da shi a hankali."

Na danna masa. Ya kai baki, ya zabura, ya ce, "Kai! Ƙudan zuma kuka ɗaure a ciki?" Amma bai ajiye ba. Aswakin kuma ya sa a aljihu, ya ce na lokacin alwala ne, ko taɓa haƙori ya yi da shi ya samu lada.

Ni har yau buroshin hannu nake amfani da shi, hannuna lafiya lau, ya ishe ni. Abin da na gane shi ne ba a tambayar wanne ya fi sai an dubi hannun da zai riƙe. Mu muna gardamar tsafta da tsada, shi kuwa Baba mutuncinsa yake nema. Ya yi shekara shida a gidana bayan nan, kuma ko sau ɗaya bai bari wani ya riƙe masa ba.