Ammi Lazhar Da Itatuwan Da Suka Ƙi Mutuwa

Da an idar da sallar asuba za ka hangi Ammi Lazhar, wato Baffa Lazhar, ya kama hanyar dutse, gatari a kafaɗa, gurasa da 'yar kwalbar man zaitun a aljihu. Haka muka taso muka tarar da shi a ƙauyenmu na kusa da Ain Draham, haka yake har bana da gwiwa ta ce ya isa.

Sana'arsa ɓare ɓawon itacen fernan, wanda ake yin murfin kwalba da shi, kuma gatarinsa bai taɓa zarce ɓawo ya ji wa itace ciwo ba. In lokacin ɓara ya wuce ma yana dajin, daga can sama inda dogayen itatuwan da ake kira zan ke zubar da ganye cikin hazo, zuwa ƙasa inda ƙananan itatuwan rihan da darw suka cunkushe a gindin fernan. Shi ke gaya wa mata inda 'ya'yan darw suka nuna su je su tatsi mai. Duk inda ya ga fili sai ya tona ya binne ƙwayar itace. Matarsa Halti Rebah kan ce, "Ni mutum na aura ko aladen daji? Kullum tonon ƙasa!"

Shekarar da gobara ta cinye gangaren da ke saman ƙauye, Muldi mai gawayi ya tara maza a sare abin da ya rage. Suka tarar da Ammi Lazhar zaune a gindin babban fernan, baƙi ƙirin.

"Tashi, tsoho," in ji Muldi. "Gawa kake gadi?"

"Rigarta ce ta ƙone, sarkin zumuɗi. Ku sare su, ruwan farko ya sauko muku da dutsen nan har cikin ɗaki. Ku ba ni zuwa wucewar sanyi. In ba su tofo ba, ni zan wasa muku gatura."

"In sun tofo fa?"

"Ka yanka mana ɓarauniyar akuyar nan taka."

Sanyin nan kaf Ammi Lazhar ya yi shi yana shinge da ƙaya yana korar awakinmu, babu gidan da bai yi cacar baki da shi ba. Itatuwan da aka ɓare a shekarar ba su tashi ba, wuta ta same su tsirara, har hawaye ya yi musu. Amma wata safiya sai muka ji guɗar mata daga hanyar marmaro. Muka ruga. Ga koren toho yana fasa baƙaƙen rassa ko'ina, rihan ma ya ɓullo daga cikin toka. Muldi ya yanka akuya yana ƙunƙuni, aka yi kuskus, shi ya fi kowa ci.

Kai ne ka zauna a toka ka hana mu cutar kanmu, Ammi Lazhar. Inuwar da jikokinmu ke wasa a ciki taka ce, ruwan marmaron da bai ƙafe ba naka ne. Mun gode, Allah ya saka, ya ba gwiwa lafiya.

Ku kuma samari, ku je ku koya tun yana nan. Sai dai ku tafi da jaki, don ba ya amsa tambayar daji daga kan tabarma. Cewa zai yi, "Ku ɗora ni, mu je in nuna muku."